Baƙin ruwan tsiron dawa mai ɗanɗanon dabino: daga ina ƙamshin ke fitowa, kuma ya za a hana shi juyawa?

Mai Kunu, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu ilimin sarrafa abinci ce da 'yan hatsi.

Akwai bayanin da ke yawo a kan baƙar giyar nan mai ƙarfi ta ruhubanawan Beljiyam. Masu ɗanɗana ta na cewa suna jin dabino da zabibi da ɓaure da kanumfari da ƙonannen sukari a ciki, alhali an ce ko ɗaya ba a zuba ba. Mu dai giya ba tamu ba ce, Allah ya tsare. Abin da nake son sani, daga ina waɗannan ɗanɗano suke fitowa? Kuma za a iya samun su a ruwan tsiron dawa wanda bai tashi ba, irin maltin kwalba amma ya fi shi duhu da garɗi?

Ga gwajin da ke hannu: tiya ɗaya ta jar dawa, jiƙo kwana ɗaya, tsiro kwana biyu, aka shanya, aka niƙa lukui, aka dama da tafasasshen ruwa kamar kunu, aka tace aka sa sukari. Launi ya fito kamar shayin da ganye bai ishe shi ba, gari-gari a harshe, bauri a maƙogwaro, washegari da la'asar kuma ya yi tsami yana kumfa. Ina kuskuren yake?

Malamin Kimiyyar Abinci

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki rabin farko na tambayar, don shi zai raba mana abin da zai yiwu da wanda sai dai a haƙura.

Waɗanda ake nufi ruhubanawan Katolika ne da ake kira Trappist, sunan daga gidan zuhudu na La Trappe a Faransa ya fito. Gidajensu da suka yi suna da wannan sana'a a Beljiyam akwai Westmalle da Chimay da Rochefort da Westvleteren da Orval, na Chimay tun 1862 suka fara. Wadda kamfanin kasuwa ya yi yana kwaikwayon salonsu ba ta cin sunan Trappist, sai dai a ce ta salon gidan zuhudu. Baƙaƙen cikinsu kuwa ƙarfinsu ba kaɗan ba ne: Westmalle Dubbel kashi 7 cikin ɗari barasa ce, Chimay mai shuɗin tambari kashi 9, Westvleteren mai lamba 12 kashi 10.2, Rochefort mai lamba 10 kashi 11.3, wato biyun ƙarshen nan sun ninka giyar kwalba ta gama-gari da ke wajen kashi 5. Na kawo alƙaluman ne don kada wani ya ga kalmar dabino da zabibi ya zaci wani lemo ne.

Gaskiya ne ba dabino ba zabibi a tukunyarsu. Yawancin wannan ɗanɗano aikin wuta ne. Idan hatsi ya tsira, sitacinsa na fara zama sukari, furotin ɗinsa na karyewa ƙanana. Sukari da waɗannan gutsattsarin furotin in suka haɗu a kan wuta su ne ke ba da launin ƙasa-ƙasa da garɗi, abin nan da ke faruwa a bayan burodi da gefen waina da ƙanzon tuwo. Masu gasa tsiron sha'ir a Beljiyam suna da wani da suke kira Special B, wanda ake turarawa da danshinsa har cikin ƙwayar ya zama sukari, sannan a gasa shi ya yi duhu. Shi ke ba da zabibi da busasshen ɓaure. Sai kuma baƙin ruwan sukari da suke dafawa daga sukarin bit, wata saiwa da suke nomawa a madadin rake, shi ke ƙara dabino da alewa da ƙonon sukari. Waɗannan biyun duk za a same su a madafar Katsina ba tare da an kusanci haram ba.

Abin da ba za a samu ba shi ne rabon yis. Irin yis ɗinsu yayin da yake cin sukari yana fitar da barasa, yana kuma fitar da ƙamshi mai kama da ayaba nunanniya da wani mai kama da kanumfari da masoro. Ɗumin da suke cewa yana sauka a ƙirji kuwa barasar ce kanta. Wannan ɓangare sai dai a ara daga kayan ƙamshi, kuma da hannu mai sauƙi.

Akwai abu guda da masu kwaikwayo ke mantawa. Tasu giyar yis ya cinye mafi yawan sukarin, shi ya sa suke cewa tana ƙamshin zaƙi amma ƙarshenta bai danƙo a baki. Namu sukarin na nan duka, bai je ko'ina ba. Saboda haka in ba a sa masa ɗan ɗaci da ɗan tsami sun riƙe shi ba, kurɓa uku zai gundure mutum. Wannan shi ne aibin da nake gani a yawancin maltin da ake sayarwa, zaƙi ne tsagwaronsa.

Kuma kada a raina dawa a wannan aiki. A Janairun 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antun malti suka koma kan dawa, irin su SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Dawar da ake lodi daga Funtuwa da Dandume da Bakori wata cikin kwalba take ƙarewa.

Ɗan Hatsi, Daura

Allah ya ƙara sani Malam. Hajiya, tun daga buhu matsalar ta fara, ranki ya daɗe.

Baurin nan daga irin dawar ne. Ki ɗauki ƙwaya ki kankare bayanta da wuƙa. In akwai wani shafi mai launin ƙasa a ƙarƙashin fatar kafin a kai ga farin gari, wannan mai bauri ce, tsuntsu ma bai cika son ta ba, kuma tana kashe ƙarfin tsiro. Ba kowace jar dawa ke da shi ba, amma don a huta a nemi ƙaura ko farfara. Ni ƙaura na fi so saboda garɗinta. Dawar ta zama ta bana, wadda ƙwaro bai huda ba. Irin shuka da aka cuɗa da jan magani kuwa guba ne, ko kyauta aka ba ki kar ya shiga madafa.

Kafin a jiƙa tiya guda, a ƙirga ƙwaya 100 a kan jiƙaƙƙen tsumma a rufe kwana uku. In ƙasa da 90 suka tsira, a yi tuwo da ita. Ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take a cikin 'yan uwanta, daga nan fumfuna da tsami ke farawa.

Jiƙo: a wanke sau uku, a kwashe duk abin da ya taso sama. Awa 8 cikin ruwa, a tsiyaye a bar ta ta sha iska awa 2, a mai da ta sabon ruwa awa 8, a sake tsiyayewa, a ƙara wani awa 6. Barin ta kwana cur a ruwa ɗaya shaƙe ta yake yi, ruwan ya yi wari. A ruwan farko a sa tataccen ruwan toka kofi ɗaya, yana rage fumfuna da bauri, sai a ɗauraye sosai.

A baza a kan wankakken buhun algarara, kaurinta kar ya wuce yatsu huɗu, a rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, a ɗaki mai inuwa. Dawa na son a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma, a juya da hannu a hankali don kar saiwa ta sarƙe ta zama tabarma. Kwana biyu ya yi kaɗan ƙwarai, huɗu zuwa biyar ake so, sai tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa ko ya ɗan fi. Zafin da ta fi so digiri 25 zuwa 30. Da hunturu dare na sanyi sai ta yi nawa, a ƙara mata kwana ɗaya. A bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu, tsakiyar tarin kan ɗau zafi ya dafa kansa, sai a rage kauri zuwa yatsu biyu a juya sau uku. Ƙamshin tsiro mai kyau kamar ɗanyen kokwamba ne. In aka ga baƙi ko kore ko an ji warin rima, a zubar duka, kada a ce za a tsince. Fumfunar hatsi na haifar da gubar da ke lalata hanta, tafasa ba ta kashe ta.

Shanya a kan tabarma, ba a kan kwanon rufi ko siminti mai zafin rana tsaka ba. Zafin da ya haura digiri 50 alhali ƙwayar na da danshi yana kashe abin da ke narkar da garin. Kwana biyu zuwa uku, sai ƙwaya ta karye ƙaras a haƙori.

Ga inda ba a wasa. Bayan ta bushe a murje ta sosai tsakanin tafuka ko cikin buhu, a sheƙe, saiwa da tsiron su fita kaf. Duk makiyayi ya san gyauron dawa na kashe dabba. Gubar nan, irin ta rogo mai ɗaci, a cikin tsiron da saiwar take taruwa. A cire su, kuma in an zo tafasa a bar tukunya a buɗe sauran ta fita da tururi. Tiya ɗaya, kimanin kilo biyu da rabi, za ta dawo wajen kilo biyu bayan an gama. Ba sata aka yi ba, tsiron ne ya ci.

Malamin Kimiyyar Abinci

Madalla da wannan, Alhaji. Sai in ɗora daga nan, don kuskure mafi girma a gwajin Hajiya shi ne tafasasshen ruwan.

A cikin tsiro akwai sinadaran da ke yanka sitaci ya zama sukari, su ne ke sa kunu ya tsinke. Ruwa mai tafasa kashe su yake nan take, shi ya sa aka samu gari-gari ba zaƙi. Wahalar dawa ita ce sitacinta ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 70, su kuma sinadaran a wannan zafin suke fara mutuwa. Sha'ir ba shi da wannan rigima, nasa sitacin na nuna a ƙasa da haka. Mafita ita ce a raba su, a dafa garin daban, a ajiye ruwan da ke ɗauke da sinadaran daban, sannan a haɗa. Masu kunun zaƙi sun riga sun san dabarar, su da ke dama rabin gasara su bar rabi ɗanye su zuba daga baya.

Da farko a tanadi mai ba da launi. Ranar ƙarshe ta tsiro, kafin shanya, a ɗebi kashi ɗaya cikin biyar da danshinsa, a sa a ƙaramar tukunya a rufe ruf, a ɗora ta cikin babbar tukunya mai ruwan zafi digiri 70, awa biyu. In aka latsa ƙwaya za a ji ta yi laushi da zaƙi tana danƙo. A shanya ta bushe, a murje saiwa, sannan a soya a busasshen kasko da wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa ba tsayawa, minti 30 zuwa 40, sai cikin ƙwayar ya koma launin dabino. A fasa a duba ciki, bayan kan yaudari ido. Wannan shi ne namu mai ba da zabibi. Daga busasshen farin tsiron kuma a ɗebi giram 80 a soya ya yi duhu kamar gahawa, amma kar ya yi hayaƙi. Duka biyun a zuba a jakar yadi su huta mako ɗaya ko biyu, sabuwar suya na da maƙaƙi.

Niƙa ɓarza za a yi, kamar tsaki. Gari lukui toshe mataci yake.

Kilo ɗaya da rabi na fari, giram 400 na mai launin dabino, a zuba lita 6 na ruwa mai ɗumin digiri 45 zuwa 50, wanda hannu zai iya zama a ciki. A juya, a bari minti 30 ya kwanta. A tsiyaye ruwan sama a hankali, wajen lita 3, a rufe a ajiye gefe. Abin da ya kwanta a ƙara masa lita 2, a ɗora a wuta ana tuƙawa da muciya har ya tafasa minti 15, zai yi kauri kamar fate. A sauke ya huce zuwa digiri 75, a juye ruwan da aka ajiye a gauraya da sauri. Zai tsaya wajen 62. A zuba a babbar kula a rufe awa ɗaya da rabi.

Tsiron dawa na da ƙarancin sinadarin da ke fitar da sukarin malti, shi ya sa zaƙinsa bai kai na sha'ir ba. Dankalin Hausa kuwa cike yake da shi. A goga ɗanye giram 250, a matse ruwan a zuba lokacin da za a rufe kula. Soyayyen baƙin nan giram 80 sai saura minti 15 za a sa shi, in ya daɗe ɗacinsa kaifi yake.

Yadda za a san ya yi: zai tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi. A ɗiga kaɗan a farin faranti, a ɗiga aidin ɗigo ɗaya. In ya koma baƙi-shuɗi da sauran sitaci, a ƙara minti 30. Abin da aka gwada da aidin a zubar. A tace da yadi, a ɗauraye dusar da lita 3 na ruwa mai digiri 75, kada a matse da ƙarfi. A tafasa awa ɗaya a buɗe, ana kwashe kumfa. Za a tashi da kimanin lita 7.

Baƙin ruwan sukari: sukari giram 300, ruwa rabin kofi, ruwan rabin lemon tsami, a dafa a hankali minti 20. Sai a zuba ludayi ɗaya na ruwan tsiron da cokali ɗaya na jiƙaƙƙiyar kanwa, a riƙe shi tsakanin digiri 125 da 135 na rabin awa, in zai wuce a ɗiga ruwa cokali-cokali. Yana fantsama, a ja baya.

Hajiya Mai Alewa

Malam, a gafarce ni, a nan zan ɗan ja da kai. Cokali guda na kanwa a giram 300 ya yi yawa. Launi zai zo da wuri, ba musu, amma a ƙarshen harshe za a ji sabulu-sabulu, kuma ba abin da ke gyara shi. Kanwa ma ba ƙarfinta ɗaya ba, ungurnu daban, jar kanwa daban. In dole ne, rabin ƙaramin cokali na tataccen ruwanta ya isa.

Mafi sauƙi a bar farin sukari a ɗauki mazarƙwaila. Ita da ma da duhunta da ƙamshin rake, ba ta buƙatar kanwa. Giram 300, a narka da kofi ɗaya na ruwa, a tace yashi da ɓawon rake, don ba a rasa su, a mai da wuta. Wanda bai da ma'aunin zafi ya ajiye kofin ruwan sanyi kusa. Ɗigo ya narke, da saura. Ya dunƙule da laushi, an kusa. Ya dunƙule da tauri amma yana lanƙwasuwa, nan ake so, a rage wuta a tsare shi a nan yana duhu. In ya karye kamar gilashi an wuce, abin da zai biyo baya ƙauri ne da ɗaci. Tukunya mai kaurin gindi, kuma ba a barin ta a je amsa sallama.

Sannan ina mamakin yadda ake ta zancen dabino aka manta da ɗinya. Duk wanda ya san maɗin ɗinya ya san ɗanɗanon busasshen 'ya'yan itace mai duhu da ake ta kwatantawa, ga shi da ɗan tsami-tsami da ke yanke zaƙi. Kofi biyu na nunanniya, a wanke, a dafa da lita ɗaya na ruwa minti 20, a murje a rariya, a tace da yadi sau biyu, a zuba saura minti 10 a sauke babbar tukunya. Idan ba lokacinta ba ne sai a koma dabino busasshe guda 15, a cire ƙwallo. Mai son ja ya haska a cikin baƙin ya jefa karan dafi guda biyu na minti biyar ya tsame.

Kayan ƙamshi a lita 7: kanumfari guda 4, ba 10 ba. Masoro guda 6 a fasa. Busasshiyar citta rabin ɗan yatsa, ita za ta ba da ɗumin ƙirjin da Malam ya ambata. Kimba kar ta shiga, hayaƙinta danne komai yake ya koma kunun jego. Duk a minti biyar na ƙarshe. Don ɗaci, ganyen shuwaka guda biyu a tsoma minti biyu a cire, a ɗanɗana, in bai isa ba a sake. Ƙarawa na yiwuwa, ragewa ba ta yiwuwa. Tsamiya kuma ruwanta cokali uku zuwa huɗu, a sa ta bayan an sauke.

Almajiri, Unguwar Alkali

Allah ya saka wa malamai da alheri. Akwai gefen da ya kamata a faɗa a fili: wannan ruwan da ake koya mana, tataccen ruwan tsiro mai zaƙi, shi ne daidai abin da masu burkutu ke da shi a hannu kafin su sa masa abin tashi. Tsakaninsa da haram yis ne da lokaci. Yis kuwa ba sai an saya ba, yana jikin ƙwarya da ludayin da aka dama fura da shi, yana bayan dabino, yana ƙafar ƙuda.

Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya sha ko a zubar. Kwana uku iyaka ce, ba lasisi ba. A zafin Katsina na bazara da ke haura digiri 40, ruwa mai zaƙi kan juya kafin kwana ɗaya, kamar yadda na Hajiya Mai Kunu ya yi. An kuma hana jiƙa dabino da zabibi a haɗe, malamanmu na Malikiyya sun ƙi haɗa biyun, dalilin da aka fi kawowa shi ne saurin juyawa ba tare da mai shi ya lura ba. Don haka shawarar Hajiya Mai Alewa ta zaɓar ɗaya, ɗinya ko dabino, ta fi kwanciyar hankali. Mai son tafsili ya koma ga malaminsa.

Alamun juyawa: ƙananan kumfa na tasowa da kansu daga ƙasa, robar ta yi tauri, murfi ya yi tsaki in an buɗe, wari irin na ƙullun waina da ya kwana, zaƙi ya ragu harshe na jin tsini. Ɗaya daga ciki ya isa a zubar. Kuma duk wanda ya ce a sa ɗan yis a rufe kwalba don a samu gas, barasa yake koya miki yi, ko da kaɗan ce.

Mai Kunu, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura biyu. Wuta ba ta tsayawa, firji ba abin dogaro ba ne: in aka zuba shi da zafinsa a kwalba aka toshe, zai yi mako a kanta? Sannan ya ake ɗanɗana shi a gane abin da ya rage ko ya yi yawa?

Malamin Kimiyyar Abinci

Na karɓi gyaran kanwa, Hajiya Mai Alewa ta fi ni hannu a tukunya.

Tambayar farko, a'a Hajiya Mai Kunu, kar a yi. Tafasa na kashe yis da masu sa tsami, amma akwai ƙwayar botulinum da ke jure tafasa, tana kuma girma ne a rufaffen wuri marar iska, cikin abin da tsaminsa bai kai ba, wato ma'aunin pH sama da 4.6. Ruwan tsiro na sama da 5. Gubarta na shanye jiki, kuma ba dole ta yi wari ko kumfa ta gargaɗe ki ba. Cokali huɗu na tsamiya ɗanɗano suke gyarawa, ba za a dogara da su a nan ba. Masana'anta na da injin dafa kwalba da gas da awon tsami, ga sa idon NAFDAC. A gida, wanda aka tsarma kwana biyu ne a cikin sanyi, ba sanyi kuwa ranar da aka yi.

Hanyar da ta dace da halin wutarmu ita ce a ƙafe shi. A ci gaba da dafa lita 7 ɗin a faffaɗar tukunya, wuta matsakaiciya, har ya dawo kimanin lita ɗaya da rabi, kauri kamar zuma, ma'auni na nuna digiri 105 zuwa 107. A wannan yawan sukari ƙwayoyin ba sa iya girma. Rabin awa na ƙarshe sai an tsaya a kansa, gindi na kamawa. In za a bi wannan hanya, kayan ƙamshi da shuwaka da tsamiya a jinkirta su zuwa ƙarshen ƙafewar, in ba haka ba ƙamshin ya tafi da tururi ɗacin ya ninku. Dogon dahuwar ma ƙara masa duhu da ɗanɗanon dabino take. A zuba da zafi a busasshiyar kwalbar gilashi da aka tafasa, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Lokacin sha, kashi ɗaya nasa, kashi bakwai na ruwan soda mai sanyi. A fara narka shi da ɗan ruwa kafin a zuba sodar, a gefen kofi a hankali, don kar gas ya gudu.

Ɗanɗanawa kuwa, kar a sha shi da ƙanƙara. Su kansu masu waccan giya a digiri 12 zuwa 14 suke ba da ita cikin kofi mai faɗin baki, saboda sanyi mai yawa rufe ƙamshi yake, zaƙi kaɗai ya rage. Sanyin randa mai kyau ko minti goma bayan fitowa daga firji ya yi. A ɗaga kofin gilashi a hasken taga: baƙi ake so mai ja a gefe, garau. In ya yi duhu-duhu kamar ruwan gulbi, sitaci bai gama narkewa ba, ko an matse mataci. A shinshina kafin a kurɓa. Bayan burodi da alewa ya kamata su fara zuwa, ɗinya ko dabino a bayansu, kanumfari can nesa. In kanumfari ya riga kowa, ya yi yawa, a rage biyu.

A kurɓa kaɗan a riƙe a baki. Zaƙi ne farko, sai garɗi a tsakiyar harshe, sai ɗan ɗaci da ɗumin citta bayan an haɗiye. A ƙirga goma. In baki ya yi danƙo ana neman ruwa, tsamiya ko shuwaka ta yi kaɗan. In harshe ya bushe kamar an tauna ɗanyen goro, bauri ne, ko daga irin dawa ko ruwan ɗauraya ya wuce digiri 80. Ƙauri irin na ƙanzon da ya ƙone daga kasko yake ko gindin tukunya, ba ya gyaruwa. Warin dafaffen masara ko kabeji na nufin an rufe tukunya lokacin tafasa. Tsami tun ranar farko kuma a kula aka same shi: zafin ya faɗi ƙasa da digiri 50 ya daɗe a nan, inda masu sa nono tsami ke jin daɗi. A ɗauraye kular da ruwan zafi kafin a zuba, a naɗe ta da bargo, kuma kar a wuce awa biyu kafin a tace a ɗora a wuta.

Ɗan Hatsi, Daura

Ƙari ɗaya Hajiya. Busasshen tsiron da aka murje yana yin wata uku a rufaffen bokiti in bai ga danshi ba, amma ƙwaro ya fi son sa fiye da ɗanyar dawa saboda zaƙi. Ki yi tsironki a watan Nuwamba ko Fabrairu, lokacin da iska ta bushe zafi bai kai ba, ki riƙa ɓarza iya na rana. Da damina kar ki soma, ba zai bushe ba kafin fumfuna ta riga ki. Dusar da ta rage a mataci kuma a ba tumaki ranar, kafin ta yi tsami.